Riba Ta Ƙaru, Farashi Ya Faɗi: Nazarin Abin da Ya Sami Intel a Yulin 2020

Ranar Alhamis 23 ga Yulin 2020, jim kaɗan bayan an tashi kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ƙarfe huɗu na yamma agogon New York, kamfanin Intel, mai ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fitar da rahoton cinikinsa na watannin Afrilu, Mayu da Yuni. Wanda ya tsaya a shafin farko zai rantse washegari sai an yi rububin hannun jarin kamfanin. Kuɗin shiga ya kai dala biliyan 19.7, ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan na daidai wannan lokaci a 2019. Ribar da ta rage bayan an cire komai, dala biliyan 5.1. Manazartan Wall Street sun yi hasashen cinikin ba zai wuce biliyan 18 da rabi ba, kuma kowane hannun jari zai samu ribar dala 1.11, sai ga 1.23. Sashen da ke sayar wa manyan rumbunan bayanai kaya ya ƙaru da kashi 43. Duk wannan kuwa a tsakiyar annobar korona, lokacin da kamfanonin jiragen sama da otal-otal ke sallamar ma'aikata.

Washegari Juma'a hannun jarin ya faɗi da kashi 16 cikin ɗari, daga dala 60 zuwa 50 da 'yan kai. Sama da dala biliyan 40 suka zube daga darajar kamfanin a wuni guda. A ranar, hannun jarin AMD, abokin hamayyar Intel da bai fitar da rahoton komai ba tukuna, ya haura da kashi 16. Da aka buɗe kasuwar Taipei ranar Litinin, na TSMC, kamfanin Taiwan da ke ƙera wa wasu kamfanoni furosesa, ya tashi da kusan kashi 10, iyakar abin da dokar kasuwar can ta yarda farashi ya motsa a rana ke nan.

Abin da ya jawo haka layi biyu ne a cikin sanarwar. Intel ya ce furosesansa na fasahar nanomita 7, wato sabon matakin ƙira da yake shirin shiga (ƙaramar lamba na nufin fasaha mafi ci gaba), za su makara da kusan wata shida, domin yawan ƙwayoyin da ke fitowa lafiya daga masana'anta yana bayan abin da aka tsara da kusan wata goma sha biyu.

Me ya sa layi biyu suka rinjayi dala biliyan 5?

Da farko dai, kafin kamfani ya buɗe baki, farashin hannun jarinsa ya riga ya haɗiye duk abin da ake tsammani. Kowa ya san mutane sun koma aiki da karatu daga gida, ana ta sayen laftof, kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google na ta ƙara manyan kwamfutocin da ake kira saba a rumbunansu. Masu zuba jari sun daɗe da saka wannan a lissafi. Saboda haka ƙarin kashi 20 ba shi ne labari ba. Labarin shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya fito da abin da aka zata. A nan Intel ya ci, ya wuce hasashe da sama da dala biliyan ɗaya. Da a ce nan rahoton ya tsaya, da farashi ya ɗan tashi.

Amma wanda ya sayi hannun jari ranar Juma'a ba shi da rabo a cinikin Afrilu. Abin da ya biya kuɗinsa a kai shi ne ribar shekara mai zuwa da ta bayanta, har illa masha Allahu. Shi ya sa 'yan kasuwa kan tsallake shafin farko su nufi inda kamfani ya faɗi abin da yake hange a gaba. Intel ya ce yana sa ran dala biliyan 75 a shekarar gaba ɗaya. Adadin yana da daɗin ji, sai dai in aka cire biliyan 39 da rabi da aka riga aka samu a wata shidan farko, abin da ya rage wa sauran wata shida biliyan 35 da rabi ne. Wato kamfanin da kansa yana cewa ruwan korona ya kusa ɗaukewa. Ribar da ya yi hasashe ta wata uku masu zuwa, dala 1.10 a kowane hannun jari, ita ma ta ɗan gaza abin da manazarta suka sa rai.

Akwai kuma wani adadi da ba ya shiga kanun labarai amma masu harkar suna fara duba shi: abin da ke saura a kowace dalar ciniki bayan an cire kuɗin ƙera kayan. Shekara da shekaru Intel na riƙe kusan santi 60 a kowace dala. A wannan rahoto ya sauko wajen santi 53. Babban dalili shi ne kayan nanomita 10 da aka fara fitarwa da yawa suna da tsadar ƙerawa.

Duk waɗannan da an jure su. Kamfani kan faɗi kashi uku ko huɗu saboda irinsu, bayan mako biyu a manta. Maganar nanomita 7 ce ta taɓa tushen abin da ya sa Intel ya zama Intel, kuma ba za a gane nauyinta ba sai an leƙa cikin furosesa.

Abin da ke sa kwamfuta gudu

Furosesa tarin ƙananan makunnai ne da ake kira transisto, kowanne yana kunnuwa yana mutuwa. Na farko da Intel ya fitar a 1971, mai lamba 4004, transisto 2,300 ne a cikinsa. Na yau biliyoyi ne. A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya shi da Robert Noyce suka kafa Intel a 1968, ya lura cewa yawan transisto da ake iya cusawa a ƙwaya ɗaya yana ninkuwa a kai a kai. Daga baya ya daidaita hasashen zuwa duk shekara biyu. Shekaru kusan arba'in ƙanƙancewar transisto na zuwa da garaɓasa: ƙarami ya fi saurin kunnuwa, kuma ya fi ƙarancin cin wuta. Saboda haka duk sabon zubi sai a ƙara masa saurin bugun agogo, daga megahaz aka shiga gigahaz. Furosesa mai gigahaz 3 yana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa.

Wajen 2004 garaɓasar ta ƙare. Pentium 4 ya tsaya a gigahaz 3.8, Intel ya soke mai gigahaz 4 da ya yi alkawari, domin zafin da yake fitarwa ya fi ƙarfin fanka. Tun daga nan gudun furosesa ya koma dogaro da wasu abubuwa: yawan aikin da yake gamawa a kowane bugu, yawan cibiyoyin lissafi da aka jera a cikinsa suna aiki tare, da girman 'yar ma'ajiyar da ke jikinsa wadda ke hana shi zaman jiran RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Dukkansu ukun transisto suke ci. Wanda ya iya cusa transisto da yawa a ɗan fili, ba tare da ƙarin wuta ba, shi ke da sararin ƙara su. Wanda ya kasa, ba shi da dabara sai ya ƙara wa tsohon zubi wuta ya matse shi.

Haka Intel ya yi ta yi. A 2020 babban furosesansa na kwamfutar tebur, Core i9-10900K, yana da cibiya 10, yana taɓa gigahaz 5.3, amma in aka sake masa linzami yakan zuƙi wuta har wat 250. Ryzen 9 3950X na AMD, wanda ya riga shi fitowa da wata shida, cibiya 16 gare shi kuma bai kai shi cin wuta ba. A wasannin kwamfuta na Intel ne a gaba a lokacin, wannan gaskiya ne. Amma kuɗin ba a wurin 'yan wasa yake ba. Yana rumbunan bayanai, inda ake jera dubban injina dare da rana, kuɗin lantarki da na sanyaya ɗaki su ne rabin ciwon kai. A can EPYC na AMD da ya fito a Agustan 2019 yana da cibiya 64, alhali yawancin manyan Xeon na Intel sun tsaya a 28.

Sai batun abin da ke fitowa lafiya. Ana zana furosesa da yawa a kan faifan silikon guda mai faɗin santimita 30, sannan a yayyanka. Kuɗin sarrafa faifan ɗaya ne, ko duka sun yi kyau ko rabi sun lalace. Kamar mai tuyar waina ce: ta riga ta sayi shinkafa da mai da itace, in rabin ramukan tandar suna ƙona mata, kowace wainar da ta tsira kuɗin biyu ta ci. Da Intel ya ce yana bayan abin da ya tsara da wata goma sha biyu, abin da masu harkar suka ji shi ne tandar ba ta gyaru ba, kuma ba a iya fara tuya don kasuwa da ita.

A nan ya kamata mai sayen kwamfuta ya raba hanya da mai sayen hannun jari. Laftof ɗin da ke jan ƙafa a ofis ko a shagon buga takardu, da wuya a ce nanomita ne matsalarsa. Yawanci tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, wanda SSD, sabuwar ma'ajiya marar juyawa, ya ninka shi gudu sau da yawa. Ko RAM ɗin gigabait 4 ne an buɗe masa shafukan intanet ashirin. Ko ƙura ta toshe fanka, furosesa ya ji zafi ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, abin da duk mai aiki da laftof a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya sani ko da bai san sunansa ba. Core i5 na 2016 da aka sa wa SSD da RAM gigabait 8 zai yi wa ɗalibi aikin da yake so. Jinkirin da ya girgiza Wall Street bai taɓa wannan mutum ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa shi ne mai sayen furosesa dubu hamsin a zubi ɗaya, mai lissafin aikin da kowane wat na wuta zai yi masa.

Ba karon farko ba ne

Da a ce wannan ne tuntuɓen Intel na farko, da an yi masa uzuri. Amma fasahar nanomita 14 ta fito tun 2014, aka ce ta nanomita 10 za ta biyo baya wajen 2016. Ba ta shiga kasuwa da gaske ba sai 2019, ita ma a laftof kawai. A tsakani aka yi ta yi wa nanomita 14 kwaskwarima ana ƙara mata alamar tarawa a suna, har abin ya zama na barkwanci a wurin masu bibiyar harkar. Kamfanin ya so ya ninka cunkoson transisto sau 2.7 a tsalle ɗaya, kuma ba tare da sabuwar na'urar zane ta EUV ba, wadda kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke ƙerawa. Shugaban Intel na lokacin, Bob Swan, ya amsa a 2019 cewa sun yi zarin buri. TSMC kuwa ya riƙa tafiya taki-taki, ya fara nanomita 7 a 2018, ya shigo da EUV a 2019, a 2020 yana kan nanomita 5.

Lambobin nan fa ba awo ba ne na gaskiya, sunayen talla ne. Nanomita 10 na Intel ya yi kusan kunnen doki da nanomita 7 na TSMC wajen cunkoso, kuma nanomita 7 da ya makara shi ne amsar Intel ga nanomita 5 na TSMC. Masu zuba jarin da suka san harkar sun san haka, kuma bai kwantar musu da hankali ba: TSMC na fitar da nasa a 2020, Intel yana cewa sai ƙarshen 2022 ko farkon 2023.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Ranar 22 ga Yuni Apple ya sanar zai daina sa furosesan Intel a kwamfutocin Mac, zai koma nasa da TSMC ke ƙera masa. Ranar 8 ga Yuli darajar Nvidia, mai zana furosesan sarrafa hoto, ta wuce ta Intel a kasuwa. A Larabar makon rahoton kanta, 22 ga Yuli, farashin hannun jarin AMD guda ya haye na Intel, karon farko cikin kusan shekara 15. Wannan na ƙarshe alama ce kawai, domin farashin hannu guda ba ya nuna girman kamfani, kuma cinikin AMD na wata ukun dala biliyan 1.93 ne, kashi ɗaya cikin goma na Intel. Amma ya nuna inda hankalin masu kuɗi ya karkata. Rahoton ya faɗo ne a kan mutanen da zuciyarsu ta riga ta fara rawa.

Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne ganawar wayar da shugabannin kamfani kan yi da manazarta bayan fitar rahoto. Swan, wanda asalinsa mutumin kuɗi ne ba injiniya ba, ya ce sun gano aibin da ke lalata ƙwayoyin kuma ba su ga abin da zai hana gyara ba. Sannan ya ƙara da cewa sun yi tanadin ko-ta-kwana: in ta kama, za su kai wa wasu masana'antu su ƙera musu. A wurinsa wannan magana ce ta kwantar da hankali, cewa kaya ba za su yanke ba. A kunnen masu saurare kuwa wani abu daban ne. Shekara hamsin abin da ya bambanta Intel shi ne shi ke zana furosesansa, shi ke ƙera su, kuma masana'antarsa ta fi ta kowa. Daga nan santi 60 ɗin nan ke fitowa. AMD ya rabu da masana'antunsa tun 2009, ya zama mai zane kawai yana kai wa wasu. In Intel zai je ya bi layi a ƙofar TSMC tare da AMD da Apple da Nvidia, to me ya rage masa da za a biya shi ƙarin kuɗi a kai? Ga kuma masana'antu na biliyoyin daloli a Oregon da Arizona da Ireland da Isra'ila, waɗanda ko suna aiki ko ba sa yi sai an ci gaba da kashe musu kuɗi.

Tun a daren, a cinikin da ake yi bayan tashin kasuwa, farashin ya zame da kusan kashi 10. Da gari ya waye manazarta da dama suka rage wa hannun jarin matsayi, ciki har da Stacy Rasgon na Bernstein, wanda ya ba da shawarar a rabu da shi. Ragowar faɗuwar ta biyo baya. Ranar Litinin Intel ya sanar da tafiyar babban jami'in injiniyoyinsa, Murthy Renduchintala, aka miƙa wa Ann Kelleher ragamar haɓaka fasahar ƙira.

Shin kasuwa ta yi daidai?

Ya danganta da ranar da aka yi tambayar. A Agustan 2020 kamfanin ya ware dala biliyan 10 don saye hannayen jarinsa da gaggawa, yana cewa an karya masa farashi fiye da kima. Shekarar ta ƙare da cinikin biliyan 77.9, sama da abin da shi kansa ya yi hasashe, 2021 kuma ta kawo biliyan 79. A Disambar 2020 Daniel Loeb na asusun Third Point ya rubuta wa hukumar gudanarwa wasiƙa mai zafi. A Janairu aka sanar Pat Gelsinger, injiniyan da ya yi shekara 30 a Intel kafin ya tafi, zai karɓi kujerar Swan. Labarin kaɗai ya ɗaga farashi da kusan kashi 7. Zuwa Afrilun 2021 hannun jarin yana wajen dala 68. Wanda ya sayar a dala 50 a waccan Juma'a, wata tara yana cizon yatsa.

A ganina duk da haka masu sayarwar ne suka karanta rahoton daidai, har ma sun yi sassauci. Kasuwa takan yi wautar firgita a kan rahoto guda, wannan ba a musu. Amma akwai bambanci tsakanin labarin da wata uku ke gyarawa da wanda shekara huɗu ba ta gyarawa. Ciniki ya ragu saboda annoba ko tsadar dala, wannan ya wuce. Masana'antar silikon kuwa ba ta juyawa da sauri. Furosesan da za a sayar a 2023 tun 2020 ake zana shi a kan fasahar da aka yi alkawarin za ta kasance, su kuma masu rumbunan bayanai in suka gwada AMD suka ga ya yi, ba sa dawowa don kara. Shi ya sa ribar ta ci gaba da shigowa har shekara biyu bayan an ji labarin, daga tsofaffin kwangiloli da ragowar cinikin korona, kafin ɓarnar ta bayyana a littafi. A 2022 ciniki ya faɗo biliyan 63, a 2023 biliyan 54.

A Yulin 2021 Gelsinger ya canza wa fasahohin suna don su yi daidai da lissafin TSMC: ingantaccen nanomita 10 ya koma Intel 7, nanomita 7 da ake ta jira ya koma Intel 4. Furosesa na farko da aka ƙera da shi, Meteor Lake, bai shiga kasuwa ba sai Disambar 2023, kusan shekara guda bayan sabon wa'adin da Swan ya bayar, kuma wasu sassansa a TSMC aka yi su.

Ranar 1 ga Agustan 2024 wani rahoton wata uku ya fito, wannan karon ba sai an nemi layi biyu a ciki ba: cinikin biliyan 12.8, asarar biliyan 1.6, za a sallami kusan ma'aikata 15,000, an dakatar da rabon riba ga masu hannun jari. Washegari farashin ya faɗi da kashi 26, ya tsaya a dala 21 da rabi, faɗuwar da kamfanin bai ga irinta ba tun 1974. A watan Satumba Intel ya fitar da Lunar Lake, furosesan laftof da aka yaba wa ƙarancin cin batirinsa. Ɓangaren lissafinsa TSMC ne ya ƙera. A Nuwamba aka cire Intel daga jerin kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones aka sa Nvidia a gurbinsa, a farkon Disamba kuma Gelsinger ya sauka.